Giya Ta Yi Tauri: Yadda Babur Ya Gaji Aikin Jaki a Karkarar Arewacin Kano

A rumfunan kanikawa da ke bakin hanyar Kano zuwa Daura, da kuma wadda ta ratsa Bichi da Tsanyawa ta nufi Katsina, akwai ƙorafi guda da yake yawaita da zarar kaka ta kama: giya ta yi tauri. Wani zai ce sai ya take ta da dukkan ƙarfinsa kafin ta shiga. Wani zai ce firi ta ɓace masa, yana nema tana tsallakewa. Wani kuma babur ɗinsa ne yake jan jiki gaba alhali ya damƙe kuloci har ƙarshe. Idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar ba a daɗe da taɓa babur ɗin ba. An sauya masa faifai mai haƙora na baya da wanda ya fi girma, ko an ƙara masa shokazoba, ko an kai shi wurin mai walda an faɗaɗa kariya domin ta ɗauki buhu biyu.

Wannan ƙorafi yana da tarihi, kuma tarihin ya girmi babur ɗin kansa. Na'urar da aka ƙera domin ta kai ma'aikaci ofis ce aka ɗora wa aikin da jaki ya shafe ƙarnuka yana yi, a ƙasar da ba ta da sararin da mota za ta shiga ko'ina.

Ƙasar da ba ta hutawa

A shekarar 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da nazarinsu kan karkarar da ta kewaye birnin Kano, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da suka bayyana shi ne yanki mai cunkoson jama'a, inda ake samun mutum kimanin 140 zuwa sama a kowace murabba'in kilomita, kuma inda mafi yawan ƙasa ake noma ta kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. A irin wannan wuri gona tana jingine da gona, gidaje suna warwatse a tsakaninsu, kuma abin da ya haɗa su shi ne siririyar hanyar ƙafa da burtalin shanu. Ƙasar jigawa ce, mai rairayi. Duk wanda ya taɓa bin burtali a Kunci ko Makoɗa da rani ya san yadda ƙafa take nutsewa a ciki.

Gonar da ba ta hutawa dole a ciyar da ita, don haka sufuri ya zama ginshiƙin noman yankin tun asali. Da rani jakuna kan shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da taki a mangala. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, jakin ne dai yake kai buhu daga ƙauye zuwa wurin awo. Dalar gyaɗar da ake alfahari da ita a hotuna, kaso mai yawa nata a bayan jaki ya fara tafiyarsa. Jaki ba ya sauri, kuma abin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba, amma yana cin abin da gona ta bari, yana mayar mata da taki, kuma ba ya buƙatar kayan gyara daga Legas.

Keke ne ya fara karɓar wani ɓangare na aikin. Raleigh ya shahara har kamfanin ya kafa masana'anta a Bompai, kuma a kan keke ne mutanen karkara suka fara koyon dabarar da za su kai wa babur daga baya: a ƙarfafa kariya da ƙarfe, a ƙara wa gargare ƙwari, a ɗora masa abin da maƙerinsa bai taɓa tunani ba. Mai gyaran keke na ƙauye shi ne kakan bakaniken babur na yau, kuma a garuruwa da dama rumfar guda ce ta sauya sana'a.

Babur na ma'aikaci

Babur ya shigo karkarar Kano ne a matsayin alamar albashi. Kwamitin da Jerome Udoji ya jagoranta ya miƙa rahotonsa a 1974, a farkon 1975 kuma ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashi haɗe da ariyas na watanni. Kuɗin man fetur yana shigowa, Naira tana da daraja, ga kuma bashin abin hawa. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976 da gyaran tsarin ƙananan hukumomi na wannan shekara suka watsa malamai da ma'aikata cikin ƙauyuka. A farkon shekarun 1980 hukumar KNARDA ta zo da malaman gona masu zagaya manoma a kan babur. Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa suka zama sunayen da yaro ya sani. An kafa kamfanin Honda na Najeriya a 1979, yana harhaɗa babura a Ota ta jihar Ogun, kamfanin Boulos kuma yana harhaɗa Suzuki a Legas.

Mai irin wannan babur ba ya ɗora masa taki. Yana goge shi, yana lulluɓe shi, yana kai shi birni a duba masa. Amma a daidai wannan lokaci ƙasar da yake ratsawa tana sauyawa. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya kasuwar da ta riƙe yankin shekara sittin. Madatsun ruwan da aka gina daga zamanin Gwamna Audu Bako zuwa farkon shekarun 1980, irin su Tomas a ɓangaren Ɗambatta da Watari a Bagwai, sun kawo noman rani: tumatir, tattasai, albasa, shinkafa. Gyaɗa tana iya jiran jaki. Tumatir ba ya jiran kowa. Daga nan sauri ya shiga lissafin manomi.

Abin lura shi ne su ma maƙeran Japan sun hango matsalar tun da wuri. A 1974 Honda ta tura injiniyoyinta su zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka tarar ana ɗora wa ƙaramin babur iyali guda ko kaya niƙi-niƙi, kuma ba a juye baƙin mai sai ya zama kwaɓaɓɓe. Abin da ya fito daga wannan tafiya shi ne CG125 na 1975, inji mai sauƙin gini da aka tsara domin ya jure sakaci. Wannan inji ne masana'antun Sin suka kwaikwaya ba adadi daga baya, kuma jikokinsa suna nan a hanyoyin Kano har yau.

Daga acaɓa zuwa dako

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta saki Naira a kasuwar canji a ƙarƙashin shirin SAP. Sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin malamin makaranta, motocin haya suka tsufa ba mai maye gurbinsu, masana'antu suka rage ma'aikata. Wanda yake da babur ya ga cewa a ƙarƙashinsa akwai jari. Abin da ake kira okada a kudu da kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, a Kano sunansa acaɓa. Samari daga Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa da Minjibir suka mayar da shi cin rani: a gama girbi, a shiga birni da babur ɗin wani, a kawo balas kowace yamma.

Abin da ya sauke babur zuwa hannun manomi shi ne araharsa daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000. 'Yan kasuwar Nnewi, waɗanda Innocent Chukwuma na Innoson ya fi shahara a cikinsu, suka gano cewa idan aka shigo da babur ɗan Sin a warware, kwantena guda za ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka, a harhaɗa a gida, farashi ya faɗi. Jincheng, wanda aka gina bisa tsarin Suzuki AX100, ya cika gari. Roba-roba ta zama ta 'yan gayu da masu gajeriyar tafiya. Bayansu Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya iso, mai inji kimanin cc 100 da ƙarfin doki takwas ko kusa da haka, mai doguwar kujera da tsimin mai, ya ƙwace kasuwar haya har Najeriya ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin kamfanin a wajen Indiya.

Sai ranar 19 ga Janairu, 2013, aka kai hari kan ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur, dokar da ta biyo baya kuma ta tabbatar da hanin a birni da kewayensa. A Daidaita Sahu, wadda ta fara yaɗuwa tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta gaje titunan birni. Babura da masu su da kanikawansu da yawa suka koma inda suka fito. A ƙauye fasinja ba shi da yawa sai ranar kasuwa, amma kaya ba ya yankewa: gero da dawa da wake zuwa Dawanau, awaki zuwa kasuwar Ɗambatta ta Lahadi, kwandunan tumatir daga fadama zuwa bakin titi, jarkokin ruwa, bulo, takin zamani. A cikin waɗannan shekaru ne kuma jaki ya yi tsada, saboda cinikin fatarsa zuwa Sin ya cinye garkuna a faɗin Sahel, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka shi domin fata a watan Fabrairu na 2024. Wanda ya sayar da jakinsa a lokacin da farashi ya hau, ba lalle ne ya iya sayen wani ba.

Haka babur ya wayi gari shi ne jaki, shi ne motar asibiti idan naƙuda ta zo da tangarɗa cikin dare, shi ne kuma dukiya mafi girma da gidan ya mallaka bayan gona.

Lissafin haƙora

Injin doki takwas ba zai tashi da buhu biyu da direba a cikin rairayi ba sai da dabara, kuma dabarar da ta fi araha tana wurin sarƙa. Ƙarfin inji yana bi ta kuloci zuwa akwatin giya, daga nan zuwa ƙaramin faifai mai haƙora na gaba, sarƙa ta ɗauka ta kai wa babban faifai da ke jikin tayar baya. A ɗauka na gaba yana da haƙori 14, na baya 42: sai na gaba ya juya sau 3 kafin taya ta juya sau 1. Idan aka sa mai 45 a baya, lissafin ya koma 3.2, wato ƙarfin ja ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100, gudu kuma ya ragu da kusan haka, inji yana ƙara kuka, mai yana ƙara tafiya. Rage haƙori ɗaya a gaba yana yin kusan aikin ƙara uku a baya. Babu wani sihiri a ciki, musaya ce kawai tsakanin ƙarfi da gudu, kuma ga mai dako a burtali musayar tana da ma'ana.

Sauyin faifan shi kaɗai ba ya taurara giya. Abin da yake biyo bayansa ne yake yi. Babban faifai yana cin tsawon sarƙa, kuma mai babur da ya riga ya biya kuɗin faifai ba ya son sayen sabuwar sarƙa, don haka a kan matso da taya a tilasta tsohuwar ta shiga. Tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai wa daida. Tana da wurin da ya saki da wurin da ya ɗaure, kuma idan aka saita ta a inda ta saki, sauran zagayen a ɗaure za ta yi shi. Ga kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Ana ɗaure sarƙa ne babur yana tsaye ba kowa a kai, amma idan kaya ya hau, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya yana ɗagowa, tazarar da ke tsakanin faifan biyu ta ƙaru, sarƙar da ta yi daidai ɗazu ta zama tsirkiya. Shi ya sa maƙera suke barin sassauci na kimanin milimita 20 zuwa 30 a tsakiyar sarƙa. Wanda ya ƙara shokazoba ko ya sa wadda ta fi tsawo ya sauya wannan lissafi gaba ɗaya, domin babur ɗin ya ɗaga idan ba kaya, kuma abin da sarƙa za ta ɗaure idan ya zauna ya ƙaru.

Sarƙa mai ɗauri tana jan sandar da faifan gaba yake kai, wadda ita ce sandar fitar ƙarfi ta akwatin giya. A cikin akwatin babur haƙoran giya kullum a haɗe suke. Abin da ƙafa take yi shi ne tura wata giya gefe domin ƙusoshin da ke jikinta su faɗa ramukan maƙwabciyarta. Waɗannan ƙusoshi ba sa sakin juna cikin sauƙi idan akwai nauyi a kansu. Sarƙa ta ɗaure, boris ya sha wuya, giya ta yi tauri, kuma idan aka daɗe a haka mai zai fara zuba ta bayan faifan. Gyaran farko sifana biyu ne da minti goma. Gyaran ƙarshe sai an raba inji biyu.

Abin da ke faruwa a cikin kuloci

Kulocin waɗannan babura jerin faranta ne da ke wanka a cikin mai: masu fata a jiki da na ƙarfe zalla, ɗaya bayan ɗaya, sifirin yana matse su. Idan aka ja hannun kuloci, waya tana ɗage matsin, farantan su rabu da tazarar da ba ta kai kaurin farce ba. Cutarsa iri biyu ce, kuma kishiyoyin juna ne. Ko dai ya ƙi kamawa sosai, inji yana ihu babur ba ya gaba, ko kuma ya ƙi saki sosai, an ja hannu amma inji bai daina tura akwatin giya ba. Na biyun ne yake taurara giya. Abin takaicin shi ne maganin da ake yi wa na farko shi ne yake haifar da na biyu.

Ga yadda abin yake tafiya. Direba mai nauyin kaya a cikin rairayi yana riƙe kuloci rabi-da-rabi yana ba da wuta domin kada inji ya mutu. Farantan suna gogar juna, zafi yana taruwa, fata tana cinyewa, sifirin yana laushi. Kuloci ya fara zamewa. Bakanike ya sa sifirin mai tauri, ko ya cusa washa a ƙarƙashin tsohon domin ya ƙara matsi. Zamewa ta tsaya, mai babur ya yi godiya. Amma yanzu hannu ya yi nauyi, waya tana miƙewa a ƙarƙashin jan da ba a yi ta dominsa ba, kuma idan washar ta yi kauri sifirin zai ƙure kafin farantan su gama rabuwa. Idan an haɗa da sababbin faranta na araha waɗanda kaurinsu ya ɗara na asali, ko aka sa su a bushe ba a jiƙa su a mai ba, sai tazarar ta ƙara tsukewa. Farantan ƙarfen da zafi ya lanƙwasa kuwa, sau da yawa a kan mayar da su yadda suke, tunda ido ba ya ganin lanƙwasar sai an kwantar da su a kan gilashi. Araha ba ta ado.

Saitin waya shi ne mafi sauƙin duk abubuwan nan, kuma shi aka fi yi da ka. Dole hannun kuloci ya kasance yana da ɗan wasa kafin ya fara ja: milimita 2 zuwa 3 a gindinsa, wanda yake zama kimanin 10 zuwa 20 a ƙarshensa. Idan wasan ya yi yawa, jan hannu zai ƙare kuloci bai gama saki ba. Idan babu wasa ko kaɗan, kuloci yana rabin buɗe kullum, yana ƙonewa a hankali. Akwai noti biyu na saiti, ƙarami a wurin hannu, babba a kusa da inji, kuma ƙa'ida ita ce a yi babban gyara a ƙasa a bar na sama domin ƙananan gyare-gyare. Wanda ya sauya kan babur da mai tsawo, ko ya ɗaure wayar da tsumman roba a jikin sabon ƙarfen da aka yi wa walda, zai ga wasan yana sauyawa duk lokacin da ya karya kwana. Ƙurar hunturu kuma tana shiga cikin rigar wayar ta haɗu da mai ta zama laka.

Roba-roba tana da nata tsarin, kuma nan ne yaran da suka koyi aiki a kan Boxer suke tuntuɓe. Ta gaji Super Cub na Honda na 1958, wanda aka yi shi ba hannun kuloci domin mai kai abinci a Japan ya iya tuƙi da hannu ɗaya. A irinta, takun giya ne da kansa yake buɗe kuloci kafin giyar ta sauya, kuma saitin yana wurin wani sukuru mai noti a murfin inji na dama. Idan ya kauce, giya za ta yi tauri ko ta riƙa fizga, ko da komai na cikin akwati lafiya lau yake.

Baƙin mai da canjin zamani

Akwai wani sauyi da ya faru shiru lokacin da Boxer da ire-irensa suka ture Jincheng. A injin Jincheng mai bugu biyu, man da ke sanyaya fistin daban yake, yana ƙonewa tare da fetur, shi ne hayaƙin da ya turnuƙe Kano a farkon shekarun 2000. Kuloci da giya suna da nasu man a keɓe, wanda ba ya haɗuwa da dattin ƙonewa, yana iya daɗewa. A inji mai bugu huɗu kuwa, mai guda ne, kimanin lita ɗaya, yake hidimar fistin da giya da kuloci baki ɗaya. Ɗabi'ar da aka koya a kan na farko ba ta dace da na biyu ba. Man da ya daɗe yana yin kauri da datti, ya manne farantan. Mai kauri sosai da ake zubawa tsohon inji domin ya rage hayaƙi yana sa giya ta ƙi shiga da sanyin safiya a watan Janairu, ta saki bayan tafiyar minti goma. Man mota na zamani kuma, mai sinadarin rage gogayya, yana sa kuloci zamewa, dalilin da ya sa Japan ta fitar da ma'aunin JASO MA domin babura a 1998. Mai sayen mai a kwalbar da ba ta da suna a bakin hanya ba shi da hanyar sanin wanne ya samu.

Ƙwararren bakanike yana da tsarin bincike ko da bai taɓa rubuta shi ba, kuma tsarin yana tafiya ne daga mai araha zuwa mai tsada. Zai ɗora babur a kan ƙafa biyu, inji a kashe, yana juya tayar baya da hannu yana sauya giya. Idan duk sun shiga sumul, akwati ba shi da laifi. Sai ya tayar da inji, ya ja kuloci, ya sa giya ta ɗaya: idan ta shiga da ƙara, babur ya zabura, kuma firi ta ƙi samuwa sai an kashe inji, to kuloci ne ba ya saki. Zai duba wasan hannu, ya zare waya ya ji ko tana tafiya a sake. Zai sa mutum biyu su zauna ya taɓa sarƙa. Zai tambayi ranar da aka juye mai da irin man da aka zuba, ya kuma tambaya ko taurin da sanyi yake zuwa ko sai inji ya yi zafi, domin na biyun yana nuni da lanƙwasassun faranta. Sai bayan duk wannan zai buɗe murfin dama, ya duba farantan, ya duba kwandon da suke zaune a ciki ko gefensu ya sassaƙa masa tsagi. Wanda bai ƙware ba, ko wanda yake son aiki ya yi tsawo, daga ƙarshe yake farawa.

Wannan ilimi bai zo daga littafi ba. Ɗan littafin da ke zuwa da sabon babur da Turanci yake, kuma an rubuta shi ne domin babur mai ɗaukar mutum biyu a kan kwalta, bai ce komai game da wanda aka ƙara wa shokazoba ba. Yankin yana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, amma yaron da zai riƙe baburan gundumarsa a ƙarƙashin darbejiya yake koyo, yana wanke noti a fetur shekara biyu kafin maigida ya bar shi ya buɗe inji. Abin da aka gano ta gwaji a Kunci ba lalle ne ya isa Shanono ba. Kuma idan direba ya gaji da taurin giya ya koma take ta da diddige, haƙoran sandar takun suna cinyewa, a kai wa mai walda ya like takun da sandar. Ranar da za a buɗe wannan ɓangare sai an yanka, zafin waldar kuma ya riga ya ƙone robar da ke tare mai.

Bayan Mayu 2023

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma ta haura 500 cikin kwanaki, ta ci gaba da hawa. A watan Yuni aka saki Naira, kuma tunda sarƙa da faifai da farantan kuloci daga Indiya da Sin suke zuwa, farashinsu ya bi dala. Wannan ya juya lissafin haƙora. Babban faifan baya da ya taimaki mai dako yanzu yana shan man da ba zai iya saye ba. Mafitar da take a bayyane ita ce akasin ta da: a sa mai 15 a gaba maimakon 14, lissafi ya sauka daga 3 zuwa 2.8, inji ya huta a kan kwalta, mai ya ɗan ragu. Sai dai buhun bai rage nauyi ba, rairayin burtali ma yana nan. Abin da aka cire daga ƙarfin ja, kuloci ne zai biya shi duk lokacin da za a tashi, da zafi da gogayya. Mai babur ya faɗa tsakanin kura da sayaki: ko ya biya a gidan mai kullum, ko ya biya a rumfar bakanike bayan wata uku, kuma a lokacin kaka, sa'ad da kwana ɗaya ba aiki yake nufin an rasa kasuwar mako.

Keken dako mai ƙafa uku, wanda aka ƙera shi tun asali domin kaya, ya fara yawaita a manyan garuruwan yankin, kuma a kan titi ya fi babur ta kowace fuska. Amma faɗinsa ya fi na hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki, kuma da damina, lokacin da gero ya tsaya a dama da hagu, babu manomin da zai yarda a take masa kunya biyu domin ya wuce. Daga gona zuwa bakin titi har yanzu babur mai ƙafa biyu ne yake fito da buhun.